Muhawara: Sinadaran wurin gini a Legas, wa ke da alhakin kare lebura da maigadi?

Malam Sani, foman (Ajah):
Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ina so in jawo hankalinmu ga wani al'amari da ba kasafai muke tattauna shi ba, alhali kuwa yana cin 'yan'uwanmu a hankali. Duk lokacin da aka yi maganar haɗarin aikin gini a Legas, abin da ke faɗo mana a rai shi ne rushewar bene, musamman tun bayan abin da ya faru a titin Gerrard da ke Ikoyi a watan Nuwamba na 2021, inda bene mai hawa 21 ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. Wannan babbar musiba ce, amma akwai wata cutarwar da ba ta shiga labarai, wato ta siminti da fenti da tina (ruwan da ake surka fenti da shi) da asid da maganin gara. Daga Ajah zuwa Sangotedo har Ibeju-Lekki, duk wurin ginin da ka shiga za ka tarar mutanenmu ne suka fi kusa da waɗannan abubuwa. Su ne masu kwaɓa kankare, su ne masu ɗaukar kwanon sarki ranar zuba dekin, su ne masu haƙa, kuma su ne masu gadin da ke kwana a bakin sito, wani lokaci ma a cikinsa. Galibinsu ba a taɓa zaunar da su an faɗa musu abin da ke cikin jarkar da aka ce su ɗauko ba. Ina roƙon masana da dattawan sana'a su faɗa mana abin da ya kamata mu sani, sannan mu yi magana ta gaskiya a kan wanda nauyin yake wuyansa.

Baba Ɗanladi, birkila (Agege):
Wa alaikumus salam. Malam Sani, Allah ya yi maka albarka. Ni da siminti zan fara, domin shi ne kowa ya raina, ana ganin ai ƙasa ce kawai da aka niƙa. Ranar zuba dekin yaro zai shiga cikin kankare tun hantsi, ruwan simintin ya gangara cikin takalminsa na roba, shi kuma ba zai ji komai ba sai ɗan ɗumi. Ba zai cire ba, saboda injin kwaɓa yana juyawa, foman yana kira, kuma ba a tsayawa har sai an gama. Sai da magariba, idan ya zauna zai yi alwala ya zare takalmin, a nan ne za a ga fatar idon sawu da tsakanin yatsu ta saluɓe kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Na ga wanda ya yi makonni bai iya taka ƙasa ba, kuma tun da aikin yini yake yi, duk ranar da bai fito ba babu abin kai wa baki. Yaranmu suna naɗe ƙafa da leda ko takardar buhun siminti, wasu kuma suna shafa baƙin mai a hannu kafin su fara aiki. Ina so Injiniya ta faɗa mana ko hakan yana da amfani.

Injiniya Hadiza, jami'ar kiyaye haɗura (Ikeja):
Baba, sannunku da ƙoƙari. Abin da kuka bayyana ƙuna ce ta gaske, sai dai ba ta wuta ba. Da zarar siminti ya haɗu da ruwa yakan zama mai kaifin gaske. A ma'aunin da ake auna kaifin sinadari, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ruwan sha yana kan 7, jiƙaƙƙen siminti kuwa yana kaiwa 12 zuwa 13. Irin wannan kaifin yana narka fata sannu a hankali, shi ya sa mutum ba ya jin zafi sai ɓarna ta yi nisa. Ledar da ake naɗawa ƙara muni take yi, domin idan ruwan simintin ya shiga, ita ce za ta riƙe shi a jikin fata har yamma. Baƙin mai kuwa, wato man injin da aka gama amfani da shi, shi kansa yana ɗauke da abubuwan da ke jawo sankarar fata idan aka daɗe ana shafa shi, saboda haka a daina. Abin da ya dace shi ne dogon takalmin roba wanda ba shi da huji, a saki ƙafar wando a kansa a ɗaure, kada a cusa ta ciki, sannan a sa safar hannu ta roba mai kauri. A ajiye duro na ruwa mai tsabta kusa da inda ake zubi, ruwan da ba a wanke shebur a cikinsa ba. Duk wanda kankare ya shiga takalminsa ya fito nan take ya wanke, idan kuma ido ya shiga, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 kafin a wuce asibiti.

Akwai kuma wani sinadari a cikin siminti mai suna kuromiyom, wanda shi ne ke sa hannun wasu magina ya yi ta ƙaiƙayi yana tsagewa, kuma idan jiki ya riga ya ƙi shi, da wuya ya sake karɓarsa. Tun 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka iyakance nau'insa mai cutarwa zuwa kashi 2 cikin miliyan a simintin da ake sayarwa. Sai ƙurar da ke tashi idan ana yanka bulo ko tayil ko dutse da inji a bushe. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna shiga can cikin huhu su yi masa tabon da ba ya warkewa, kuma wanda huhunsa ya yi wannan tabon ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Maganin wannan ba shi da tsada: a riƙa zuba ruwa a bakin injin yayin yanka, kuma a yayyafa ruwa kafin shara.

Alhaji Garba, ɗan kwangila (Ikorodu):
Injiniya, bayaninki ya yi kyau, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na lura duk lokacin da aka tayar da irin wannan magana, a kan ɗan kwangila ake sauke laifi. Ina sayen takalma da safar hannu da takunkumi, in raba da safe, kafin azahar rabinsu an jefar a gefe saboda zafi, wasu kuma gobe ba za ka sake ganin mutumin ba balle kayan. Leburan yini ba naka ba ne. Yau yana wurinka, gobe yana Epe. Sannan mai ginin da ya ba ka aiki ya ƙirga buhun siminti da rodi da yashi har kwabo na ƙarshe, idan ka saka masa kuɗin kayan kariya a lissafi, sai ya ce ka cika tsada ya nemi wani. Ba ina cewa babu ruwanmu ba ne, amma babban mutum mai hankali shi ma yana da alhakin kansa.

Musa mai fenti (Mile 12):
Ranka ya daɗe Alhaji, da girmamawa nake cewa akwai dalilin da ya sa ake jefar da wasu kayan. Takunkumin da aka fi raba mana irin na asibiti ne ko na ƙyalle, kuma idan kana fesa fentin mai a ɗakin da ba a buɗe tagoginsa ba, wannan takunkumin ba ya tare komai. Za ka ji warin tina har cikin maƙogwaro, kanka ya yi nauyi, ka sauko daga tsani kana layi. Idan mutum ya ga abu ba ya yi masa aiki sai ƙarin zafi, dole ya cire shi. Mu dai abin da muka tashi muka tarar shi ne, idan an tashi aiki a wanke hannu da fetur ko tina, sannan a sha madarar gwangwani domin ta wanke ƙirji. Masu walda ma haka suke yi.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya (Idi-Araba):
Malam Musa, don Allah ka isar da wannan ga abokan sana'arka: madara ba ta wanke ƙirji. Abin da ka shaƙa huhu ya tafi, daga can ya shiga jini, madara kuwa ciki take tafiya, hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Wanda yake son madara ya sha don abinci ce, amma kada ya ɗauka ya yi maganin abin da ya shaƙa. Nauyin kai da layin da ka ambata alama ce cewa sinadarin ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma yawan maimaita hakan yana taɓa jijiyoyi da hanta da ƙoda. Wanke hannu da fetur ko tina yana cinye maiƙon da ke kare fata, ta bushe ta tsage, sinadarin ya sami ƙofar shiga. Man gyaɗa ko wani man girki yana sassauta fentin mai, sai a bi da sabulu da ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake kawo mana wanda ya sha wani abu bisa kuskure bayan an ɗura masa manja, ko an sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Idan asid ne, ya ƙona hanya da zai shiga, zai sake ƙona ta da zai fito. Idan tina ce ko kananzir ko fetur, aman yana iya kai shi cikin huhu, wanda ya fi zamansa a ciki haɗari. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai, a ɗauki mazubin abin da ya sha a taho da shi asibiti tare da shi. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767, kuma akwai cibiyar kula da masu ƙuna a babban asibitin Gbagada.

Malam Iliya, mai walda (Ijora):
Malama, ban ƙi maganarki ba, amma iyayen gidanmu da suka koya mana sana'a sun sha madara, kuma ga su nan da ransu har sun tsufa. Da wuya a ce abin da kowa yake yi ba shi da tushe ko kaɗan.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya (Idi-Araba):
Malam Iliya, Allah ya ƙara musu lafiya. Waɗanda ka gani a bakin aiki su ne waɗanda jikinsu ya jure. Wanda numfashi ya fara gagararsa yakan tattara ya koma gida Arewa, a ce ciwon ƙirji ne ko sanyi, kuma babu mai danganta shi da aikin da ya yi a Legas. Illar wannan al'ada ita ce tana sa mutum ya saki jiki ya ci gaba da shaƙa, yana ganin akwai abin da zai wanke masa da yamma.

Usman mai tayil (Sangotedo):
Ni abin da na fi tsoro shi ne robar ruwa. Asid ɗin da muke wanke tayil da shi bayan an gama aiki ba a cikin mazubinsa na asali yake zuwa ba. Ana sayo shi a awo daga kasuwa, wani daga Ojota, wani daga shagon kayan gini na unguwa, a zuba a robar ruwan sha ko ta lemo, babu rubutu babu alama. A wani gini da na yi aiki, na shigo na tarar an dire irin wannan robar a kan taga, gefenta ga burodi da robar ruwan wani lebura, girmansu ɗaya, murfinsu launi ɗaya, kuma asid ɗin fari ne tas. Har buta na taɓa ganin an zuba shi a ciki saboda tana da daɗin tsiyayawa a layin tayil, alhali duk Musulmin da ya ga buta hannu zai kai ya kurkure baki. Sannan akwai masu haɗa shi da Hypo, wato ruwan bilic, wai don banɗaki ya fi fita. Wani yaro ya yi hakan a banɗakin da ba shi da taga, da ƙyar aka janyo shi yana tari, idanunsa suna zubar da ruwa.

Injiniya Hadiza, jami'ar kiyaye haɗura (Ikeja):
Malam Usman ya taɓo inda matsalar take. Haɗa asid da ruwan bilic yana fitar da iskar kulorin, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na ɗaya, kuma a rufaffen banɗaki tana iya kashe mutum. Idan za a surka asid, shi ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kansa, domin yana iya tafasa ya fantsamo a fuska.

Alhaji, a nan nake so in amsa maka, domin na yarda da kai cewa kayan kariya suna da wahalar bi. Amma a tsarin aikinmu su ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Ana farawa da tambayar ko za a iya guje wa abin gaba ɗaya, misali a yi amfani da fentin ruwa a cikin ɗaki maimakon na mai. Idan ba zai yiwu ba, sai a buɗe tagogi, a sa fanka ta ja iskar waje, a fitar da duk wanda aikin bai shafa ba. Sai bayan wannan ake zuwa kan takunkumi, kuma kamar yadda Malam Musa ya faɗa, na ƙura daban, na tururin fenti daban. Na biyun yana da gwangwani mai gawayi a ciki wanda ake canzawa. Matakan farko ba a hannun lebura suke ba. Ba shi ne ya zaɓi fentin ba, ba shi ne ya aika a sayo asid a robar lemo ba, kuma ba shi ne ya yanke inda sito zai kasance ba.

Kayan da suka zo a mazubinsu na asali suna ɗauke da alamar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara, wato zane baƙi a cikin gida mai kusurwa huɗu da jan baki. Alamomin guda 9 ne, kuma ko wanda bai yi boko ba zai iya riƙe muhimmansu: harshen wuta yana nufin abin yana kamawa, ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce mai saurin kisa, ruwan da ke ɗiga a kan hannu da ƙarfe yana nufin yana cin fata, hoton mutum da tauraro a ƙirji kuma cuta ce ta dogon lokaci. Kowane irin kaya yana da takardar bayanin kariya mai sassa 16, sashe na 4 yana faɗin taimakon gaggawa, na 7 yadda ake ajiya, na 8 kayan da za a sa. Haƙƙin mai saye ne ya nemi wannan takarda, kuma aikin foman ne ya fassara ta ga ma'aikata da harshen da suke ji. Minti goma da safe kafin a fara aiki sun isa.

Malam Idi, maigadi (Lekki):
Assalamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini wannan. Na ji ana ta maganar sito, kuma mu ne muke ciki. Idan aka fara gini, ɗaki ɗaya ake fara rufewa a sa masa ƙofa, a ce nan ne sito, nan ne kuma makwancin maigadi, saboda kada a yi sata. Tabarmata tana tsakanin buhunan siminti da galan-galan na fenti, ga jarkar fetur ta janareta, ga maganin gara. A nan nake dafa shayi a risho, idan sauro ya yi yawa in kunna maganin sauro. Idan ana ruwan sama, janareta ma ciki ake shigo da shi don kada ya jiƙe. Da asuba nakan tashi da ciwon kai. Idan na ce a ba ni wani wuri, za a ce in ba zan iya ba akwai masu so da yawa.

Injiniya Hadiza, jami'ar kiyaye haɗura (Ikeja):
Baba Idi, Allah ya tsare ku. Ina roƙonku tun daga daren yau kada ku sake kwana da janareta a kunne a cikin ɗaki ko a bakin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma iyalai da dama a ƙasar nan sun kwanta ba su tashi ba saboda ita. Ciwon kan asuba gargaɗi ne. Tururin fetur da na tina kuma sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya, daidai inda tabarmarku da rishonku suke, kuma suna iya bin ƙasa su tarar da wuta daga nesa. Ku fitar da risho da maganin sauro waje ko da ba a ba ku wani ɗaki ba. Idan akwai kabaid na masu walda a ɗakin, kada danshi ya taɓa shi, domin da ya jiƙe yake fitar da iskar gas mai kamawa.

Barista Aminu (Yaba):
Bari in ƙara da ɓangaren doka, tun da Malam Sani ya tambayi wanda nauyin yake kansa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da shi, domin a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, ko iyalansa idan ya rasu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ma'aikaci a wannan doka ya haɗa da na wucin gadi da na yini da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar ta baki ce. Saboda haka, Alhaji, cewa leburan yini ba naka ba ne ba ta tsayawa a gaban doka. Ranar da yake aikinka, naka ne. Jihar Legas kuma tana da hukumar kiyaye haɗura da aka kafa da dokar 2011, wadda take da ikon shiga wurin aiki ta duba. Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne rashin shaida. Duk wanda ya ji rauni ya sanar da foman a ranar, ya ɗauki hoton raunin da na mazubin, ya riƙe katin asibiti, ya kuma san sunan wanda ya ɗauke shi aiki, ba laƙabinsa kawai ba.

Haruna mai haƙa (Alaba Rago):
Ba a ambaci namu ba tukuna. Mu ake kira idan za a gyara tsohon sokawe ko a yashe rijiya ko a shafa kwalta a cikin tankin ƙasa. Abin da muke yi shi ne mu zura kyandir ko fitila da igiya, idan ba ta mutu ba sai mu shiga. Shin wannan ya wadatar?

Injiniya Hadiza, jami'ar kiyaye haɗura (Ikeja):
Malam Haruna, bai wadatar ba, kuma shi kansa haɗari ne. Ramin masai yana tara iskar gas mai kamawa, zura wuta a ciki yana iya tayar da fashewa. Sannan akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take taruwa a ƙasan rami. Kyandir zai ci gaba da ci a cikinta alhali ta isa ta kayar da mutum cikin numfashi kaɗan. Idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, sai mutum ya ɗauka ta wuce a daidai lokacin da ta fi yawa. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe ramin ya daɗe, a hura masa iska da inji, a auna da na'urar gwada iska kafin shiga da kuma lokacin da ake ciki, mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, mutum biyu su tsaya a sama. Idan wani ya faɗi a ciki, kada kowa ya bi shi da gudu, domin a irin wannan haɗari sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. A janyo shi da igiya, a kira 112. Idan kwalta mai zafi ta zubo a fata, a sanyaya wurin da ruwa na minti 20, kada a ɓare ta, kada a goge da fetur.

Malam Nasiru, kafinta (Festac):
Mu masu gyaran tsofaffin gidaje muna da namu. Gidaje da yawa na shekarun 1970 da 1980 a nan Festac da Surulere suna da silin da rufin asbesto, kuma idan za a canza zuwa na zamani, leburori ake sawa su farfasa da guduma, ƙura ta turnuƙe ɗakin, a share da tsintsiya. Na karanta cewa ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi, kuma cutar da zarensa ke sawa a huhu, har da sankara, takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Yanzu ni jiƙa shi nake yi, in kwance ƙusoshi in sauke shi ɗungurungum, in naɗe a leda mai kauri, kuma ba na bari a sa masa injin yanka.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya (Idi-Araba):
Haka ya kamata, Malam Nasiru. In ƙara da tsohon fentin mai da ake kankarewa a ƙofofi da tagogi da ƙarafa, domin yana iya ƙunsar dalma. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A can ma ba a bakin rami yaran suka gamu da ita ba, gida aka kai musu. Mai fenti ko lebura da ya koma ɗaki da kayan aikinsa a jiki, ya ɗauki jaririnsa, ko matarsa ta haɗa kayan da na yara a wanki ɗaya, ya kai musu abin da ya kwaso. A bar kayan aiki a wurin aiki, a yi wanka ko aƙalla a wanke hannu da fuska kafin a ci abinci. Masu fesa maganin gara kafin a zuba daɓe su ma su sani cewa yana ratsa fata. Idan aka ga yawu yana dalala, gumi yana karyowa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi yana sarƙewa, a cire wa mai feshin kayansa, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti, akwai allurarsa.

Alhaji Garba, ɗan kwangila (Ikorodu):
Na karanta duka. A kan sito da robar lemo ba ni da ja, waɗannan a hannun mai aiki suke, kuma ba su da wani kuɗi: alƙalamin rubutu a kan jarka, da rumfar kwano daban ta maigadi, da duro na ruwa. Amma Barista, ina nan a kan bakata cewa muddin mai gini ba ya ganin kuɗin kariya a matsayin ɓangaren kuɗin gini, ɗan kwangilar da ya saka shi a lissafi shi ne zai rasa aikin, wanda bai saka ba ya samu. Na'urar gwada iskar da Injiniya ta ambata, ƙaramin ɗan kwangila ba zai saya don rami ɗaya ba. Sai dai idan masu haƙa za su haɗa kuɗi a ƙungiyance su mallaki guda ɗaya suna karɓa-karɓa.

Haruna mai haƙa (Alaba Rago):
Wannan shawara ce da za mu iya kai wa shugabanninmu, in dai Injiniya za ta zo ta nuna mana yadda ake aiki da ita.

Malam Sani, foman (Ajah):
Injiniya, kafin ki amsa wa Malam Haruna, ga wata tambaya da aka turo mini ta gefe. Idan an gama aiki, jarkoki da durorin da suka ƙare akan bar wa maigadi ko leburori su sayar, kuma masu saye ruwa suke zubawa a ciki, wasu har na sha. Idan an wanke su sosai da omo, suna da matsala?

Injiniya Hadiza, jami'ar kiyaye haɗura (Ikeja):
Malam Haruna, ku sa rana, in sha Allah zan zo, kuma zai fi kyau a haɗa da masu gadi. Malam Sani, suna da matsala. Roba tana shan abin da aka zuba mata, musamman maganin gara da tina da sinadaran da ake haɗawa da kankare, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. A hankali zai riƙa komawa cikin ruwan. Duk jarkar da ta ɗauki irin waɗannan a huda ƙasanta kafin ta bar wurin, domin kada ta sake riƙe ruwa. Duron ƙarfe da ya ɗauki fetur ko tina kuma kada mai walda ya sa masa wuta ko injin yanka don a mayar da shi tanki ko murhu, saboda tururin da ya rage a cikin duron da ake ganin babu komai ya isa ya fasa shi. Ragowar fenti da asid kada a tuttular a kwata ko a haƙa rami a binne, musamman a yankin Lekki da Ajah inda ruwa yake kusa da sama kuma maƙwabta da rijiya da burtsatse suke amfani. A rufe su a mazubinsu, a mayar wa wanda ya sayar idan zai karɓa, ko a tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha, wato LASEPA, ta faɗi inda za a kai su.